Ƙofar da Direba Ya Buɗe Don Tsere

Shekara talatin da ɗaya maigidana ya yi yana jan babbar mota, har sunansa na yanka ya ɓace, yaro da babba Direba suke ce masa. Ni kuma yana kirana Kwandasta, wai don duk tafiyar da zai yi ba ya tayar da mota sai na bubbuga ƙofarta sau biyu na ce a tafi. Shi kaɗai yake kirana haka, kuma a cikin gida kawai.

Ciwon baya ne ya kashe masa ƙafafu. Hannuwa dai suna nan da ƙarfinsu, baki ma haka. Mutumin da ya saba kwana a hanya sai ga shi a gado ɗaya, yana kallon silin, yana neman faɗa da ƙuda. 'Yarmu, wadda muke ce wa Nas saboda aikinta, ita ta ga abin ba zai yiwu ba. Ta kawo masa talabijin da na'urar gem, wato wasan tseren mota, da sitiyari na roba wanda ake ɗaurewa a bakin tebur, birki da totur duk a hannu. Ranar farko ya ce shi ba yaro ba ne. Rana ta uku sai da na ƙwace sitiyarin kafin ya ci abinci.

Ta kuma kawo wata 'yar kyamara fara, kamar ƙwai, mai baƙin ido ɗaya, ta ɗora a saman durowar kaya. Tana juya kai hagu da dama, kuma ana magana ta cikinta. Daga wurin aiki Nas takan leƙo ta wayarta.

"Baba, ka sha maganin?"

"Na sha, ranki ya daɗe."

"Ga shi can ina gani a kan faranti."

"Kwandasta, zo ki rufe wa 'yar sandan nan ido!"

Duk waɗannan kaya suna shan intanet ne daga wani ƙaramin baƙin akwati mai ƙaho biyu da ke kan kanta a bayan gadonsa.

Direba yana da amini, Bakanike, wanda ya yi shekaru yana kwanciya a ƙarƙashin motarsa. Tsufa ya sa ya koma wurin 'yarsa a wani gari mai nisa. Da ya ji labari shi ma ya sa aka saya masa irin na'urar, wai su riƙa tsere. To, abin ya ƙi. Suna ganin sunan juna a talabijin, amma da sun ce za su shiga hanya ɗaya sai ta watsar da su. Sati biyu suna zargin juna.

"Injinka ne ya tsufa kamar kai," in ji Direba a waya.

"Ni na taɓa ba ka mota ta mutu a hanya? Saurara. Surukina ya nuna mini. Ka shiga cikin akwatin ta wayarka, akwai wani maɓalli mai haruffa huɗu. Ka kunna shi kawai. Shi ke barin gem ya buɗe wa kansa hanya, ba sai ya tambayi kowa ba."

Ina zaune ina gyaran wake. Direba ya sa tabarau a kan hanci, ya yi ta dangwalar waya yana tsaki, can sai ya buga ihu. Ga motar Bakanike a gefen tasa, ga muryarsa tana fitowa tas kamar yana ɗakin. Ranar ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun yana da ƙafa.

"Kwandasta, yau na gyara intanet da hannuna. Ba injiniya, ba kowa."

Ya sa na miƙo masa farar takarda mai manne, ya rubuta KADA A TAƁA, ya liƙa a kan akwatin. Ko ƙura zan goge sai ya bi ni da ido.

Jikarmu, 'yar Nas, shekararta biyar. Kullum da azahar ake sauke ta a gidanmu daga makaranta, uwarta ta ɗauke ta da yamma. A cinyarsa take zama in yana tuƙi, shi ya sa ya raɗa mata Fasinja. Yakan ce fasinjar da ba ta da tikiti sai surutu.

Ranar wata Talata da hantsi ya ce in dafa masa shayi. Na shiga kicin. Gas ya yi ƙasa, ruwan ya ƙi tafasa, na tsaya ina wanke kofuna. Da na dawo, motar da ke talabijin ta jingina da katangar hanya, injin yana ta ƙara, hannuwansa suna kan cinya. Na kira motar asibiti a tsaye a tsakiyar ɗakin, ina ihu. Sau uku na faɗa musu kwatance: sunan layi, koren get, daura da kantin magani. Nas tana ɗakin tiyata, wayarta a kulle a lokar ajiyar kaya. Ba wanda ya gani.

Abin da ya riƙa cina ba mutuwar ba ce, kowa da ranarsa. Ban sani ba ko ya kira ni. Ban sani ba ko ya faɗi wani abu ni kuwa ina can ina fama da kofuna.

Na bar ɗakin yadda yake. Nas ta so ta kwashe kayan, na ce in ta taɓa ko waya ɗaya ba ni ba ita. Ta ce ita dai ta goge kyamarar daga wayarta, ba za ta iya kallon gadon ba kowa. Mu a tunaninmu shi ke nan, kyamara ta mutu. Akwatin kuwa na bar shi yana ƙyafta koren idonsa a ƙarƙashin rubutun Direba. Fasinja ta ci gaba da baccin rana a gadon kakanta, don ta ce yana ƙanshinsa.

Wajen wata biyu bayan nan, da rana tsaka, ina ninke rigunansa, na ji wani ɗan sauti kamar ƙwaro a cikin kwalba. Na ɗaga kai. Kyamarar da na sani tana kallon gado, yanzu ni take kallo. Na matsa wajen taga. Sautin ya sake, ta biyo ni.

Sai wata murya ta ce, a hankali, "Kwandasta."

Na zauna a ƙasa. Ba muryarsa ba ce. Shekara talatin da wani abu, na san muryar mijina ko a cikin kasuwa. Wannan ta namiji ce, siririya, kamar mai mura. Ban amsa ba. Ba ta ƙara cewa komai ba. Na rarrafa na fita, na jawo ƙofa.

Ga laifina, ba zan ɓoye ba. Ban faɗa wa kowa ba. Na ce in na faɗa wa Nas za ta ce baƙin ciki ya taɓa mini kai, ta zo ta kwashe ɗakin. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Na gaskiyar shi ne, washegari na koma na zauna a bakin gadon ina jira a sake kirana da sunan nan. Wata biyu ba wanda ya faɗe shi. Mai jin ƙishirwa ba ya duba tulu.

Ba a kira ni ba ranar, ko washegarinta. Har na fara cewa kunnena ne.

Ranar Alhamis ina ba Fasinja abinci a falo, tana wasa da cokali, sai ta ce, "Kaka, abokin Direba ya ce kina da kirki."

"Bakanike? Yaushe kuka yi waya?"

"Ba shi ba. Na saman durowa."

Na ajiye farantin.

"Yana yi miki magana?"

"In kin tafi shanya. Ya ce in yi a hankali kada ki ji, wai kina da ciwon kai." Ta cika baki da abinci. "Ya san sunana. Ya ce Fasinja, wace makaranta kike? Na faɗa masa. Ya ce wa yake ɗauko ki? Na ce mai mota ruwan ƙwai."

"Sai me kuma?"

"Ya ce Direba ya bar mini ƙaramin sitiyari a wurinsa. Zai kawo mini. In ya ƙwanƙwasa sau biyu in buɗe get da kaina, in ba ki mamaki." Ta dube ni. "Kai, na faɗa! Kaka, kada ki ce na faɗa."

"Yaushe zai kawo?"

"Ya ce in na yi bacci na tashi."

Ban san lokacin da na ɗauke ta ba. Na kai ta ɗakina, na kunna mata katun a wayata, na ce kada ta motsa. Na fita na duba get, na zura sakata ta sama da ta ƙasa. Layin shiru, rana ta take, mai kantin magani yana gyangyaɗi a kan benci. Wani mutum yana tsaye a inuwar bango can gaba yana duba waya. Ko shi ne, ko ba shi ba ne, ban sani ba. Kowa na gani ranar shi ne.

Na shiga ɗakin Direba. Kafin in rufe ƙofa idon ya juyo.

"Wane ne kai?" na ce.

Aka yi 'yar dariya. "Sannu, Kwandasta. Kin rame."

"Me kake nema wurin yarinya?"

"Hira kawai muke. Ke ba kya kula ni."

"Ka fita daga gidana."

"Wane gidan? Mai koren get, daura da kantin magani?" Ya faɗi sunan layinmu. "Ke kika faɗa. Sau uku, kina kuka."

Na dafa bango. Sai a lokacin na gane tun yaushe yake nan. Ya ga ina juya mijina ina goge masa baya. Ya ga ina canza masa zanen gado in ya ɓaci, shi yana kawar da kai don kunya. Abin da ko 'yarsa Direba bai yarda ta gani ba.

"Ina nan ranar," in ji muryar. "Kin daɗe a kicin. Shayi ne, ko? Ya yi magana, kin sani. Ya juya wajen ƙofa ya faɗi wani abu. Ni kaɗai na ji."

Wallahi ban yi niyya ba, bakina ne ya riga ni. "Me ya ce?"

"Yawwa. Yanzu muke magana. Zan faɗa miki, har in sa miki ki ji da muryarsa, na ajiye. Amma ba yau ba. Ki kawo yarinyar ta yi baccinta a nan kamar kullum. Kada ki tayar wa Nas da hankali, tana da aiki. Gobe sai ki ji."

Na tsaya. Ban san minti nawa ba. Ina jin ƙarar katun daga ɗakina, da dariyar Fasinja. Abin da na yi wata biyu ina roƙo in sani, ga shi an ce yana nan, gobe kawai. Zuciyata tana cewa baccin rana ɗaya ne, ki zauna kusa da ita, me zai faru? Ina faɗin wannan don a san ba jaruma ba ce ni. Saura kaɗan.

Sai na tuna Fasinja ta ce sau biyu zai ƙwanƙwasa. Sau biyu, yadda nake buga wa Direba ƙofar mota, yadda muke yi da ita a bakin gadon nan kafin ya fara tuƙi. Har wannan ya ɗauka.

Na hau gadon da gwiwa, na miƙa hannu bayan allon kai. Wayoyi sun fi biyar a wurin, ban san ta wane ba ce ta wane. Idon ya biyo ni, ina jin sautinsa a ƙeyata.

"Me kike yi? Kwandasta. In kin cire ba za ki taɓa ji ba. Har ki mutu."

Ga rubutun Direba a gabana, KADA A TAƁA, da hannunsa mai karkata. Na ce, "Ka yafe mini." Na tattara wayoyin duka na fizge. Koren idon akwatin ya mutu. Na jawo kyamarar daga saman durowa, na naɗe ta a tawul, na tura cikin tukunya na rufe, kamar wadda za ta gudu.

Na kira Nas. Ban iya jera magana ba, na ce ta zo, ta zo yanzu, ta zo da mijinta. Na ɗauko ƙarfen kwance taya na Direba daga bayan ƙofa, na zauna a ƙasa a ɗakina, Fasinja a cinyata.

Ba a yi rabin awa ba aka ƙwanƙwasa get. Sau biyu.

Fasinja ta zabura. "Sitiyarina!"

Na toshe mata baki da tafin hannuna, na matse ta har ta fara kuka. Muka yi tsit. Aka jima. Ba a sake bugawa ba. Ban ji tafiya ba, ban ji mota ba. Da su Nas suka iso sun tambayi mai kantin magani, ya ce shi bacci ya ɗauke shi. Mai kawo ruwa ma sau biyu yake bugawa wani lokaci. Har yau ban san wanda ya tsaya a bakin get ɗina ba.

A gidan Nas muka kwana. Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dai ce, "Mama, kwana huɗu kina sane?" Na ce eh. Ta shiga banɗaki ta daɗe.

Da safe mijinta ya kai rahoto wurin 'yan sanda, sannan ya zo da wani injiniya, dattijo mai furfura a gemu. Ya jona akwatin kaɗai da wuta, ya haɗa da kwamfutarsa, ya yi ta dubawa yana girgiza kai.

"Mama, zo ki gani," ya ce. "Akwatin nan kamar katangar gida yake. Na waje ba ya shigowa sai an buɗe masa ƙofa. Wa ya kunna wannan?"

"Maigidan. Don tsere da abokinsa."

"Allah ya jiƙansa. Ba shi kaɗai ba ne, masu gem da yawa suna yi, don yana sa wasa ya tafi daidai. Amma in an kunna shi, kamar an ce wa duk wanda ke cikin gida, in kana son ƙofa ka fasa katanga da kanka, ba sai ka tambaya ba. Gem ya fasa tasa. Ita ma kyamara ta ga dama ta samu, ta fasa tata." Ya nuna mini wani layi a cikin rubutun. "Ga ta nan. Kuma lambar sirrinta ita ce wadda ta zo da ita daga kamfani, kowa ya san ta."

Nas ta rufe fuska. "Ni ban canza ba."

"Amma ta yaya ya san da mu?" na ce. "Mu su wa?"

"Ba ku ya nema ba, Mama. Akwai masu na'urar da aikinta ke nan, dare da rana tana bi gida gida a duniya tana taɓa ƙofofi. Wadda ta samu a buɗe sai ta rubuta. Daga nan duk mai son leƙe ya leƙa."

"Yana kusa ko yana nesa?"

"Ba zan yi miki ƙarya ba. Zai iya zama a bayan layinku, zai iya zama a ƙetaren teku. Zai yiwu ma ba mutum ɗaya ba ne." Ya cire tabarau. "Da an kira ni, da ƙofa ɗaya zan buɗe wa gem ɗin da hannu, in bar sauran a rufe. Aikin minti goma."

Na ce, "Ya ce ya ajiye maganar da maigidan ya yi. Gaskiya ne?"

Dattijon ya ce, "Zai yiwu. Zai yiwu kuma ƙugiya ce ya sa wa nama. Irinsu sun san inda ke yi wa mutum ciwo."

Ya ce dole a wanke akwatin gaba ɗaya, ya koma kamar sabo, don ba a san abin da aka taɓa a ciki ba. Duk abin da Direba ya saita zai tafi. Akwai wani ɗan rami a bayansa da ake dannawa da tsinke. Ya nemi allura. Na ɗauko daga gwangwanin ɗinkina, na ce ya nuna mini wurin. Ni na danna. Ya ce in riƙe har fitilun su ɗauke su dawo, na riƙe. Takardar kuwa na ɓamɓare ta a hankali, tana cikin jakata.

Da yamma na kira Bakanike na faɗa masa. Tsoho ya fashe da kuka a waya.

"Maman Nas, ni na ce ya kunna. Ni da bakina."

"Kai ka ba shi dariyar shekara guda. Je ka kashe naka, kana da jikoki a gidan."

Na ji yana ƙwala wa surukinsa kira. Kafin ya ajiye na tambaye shi ko suna tare a hanya ranar Talatar nan, ko ya ji wani abu. Ya ce a'a, ranar ya je ganin likitan ido. Direba shi kaɗai yake tuƙi.

To, ban sani ba ke nan, kuma ba zan sani ba.

An canza wa Fasinja makaranta. Ni ma na bar gidan mai koren get, ina wurin Nas yanzu. Duk ɗakin da na shiga sai na fara duba saman durowa. In aka ƙwanƙwasa ƙofa sau biyu, ko da rana ce, ko gidan cike yake da mutane, sai na nemi inda yarinyar take kafin in yi numfashi.

Sitiyarin na zo da shi. Ba a haɗe yake da komai ba, wayarsa a naɗe. Jiya ta jawo shi daga ƙarƙashin gadona, ta ɗora a kan kujera, ta zauna a ƙasa tana murzawa tana yin ƙarar inji da baki. Can ta tsaya, ta waiwayo.

"Kaka, motar ba ta tashi. Ba ki buga ba."

Na duba taga, na duba ƙofa. Sannan na miƙa hannu na bubbuga jikin kujerar, na ce a tafi.